Ɗan Wasan Da Merle Ya Hango Ta Saman Shinge

Duk garin Kessler Falls da ke jihar Wisconsin babu wanda ya kai Merle Dombrowski sanin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka. Shi da kansa ya sha faɗar haka. Injin yankan ciyawa yake sayarwa, amma in ka shiga shagonsa neman igiyar tayar da inji, sai ka fito da igiyar a hannu, kunnenka kuma cike da huɗuba kan yadda ake zaɓen 'yan wasa.

Su goma ne a gasarsu ta unguwa. Duk ƙarshen Agusta sukan taru a garejin Royce, yayan matar Merle, kowa ya zaɓi 'yan wasa bi da bi daga manyan ƙungiyoyin ƙasar, ya haɗa tasa ƙungiyar a kwamfuta. Daga nan sai a zuba wa talabijin ido duk Lahadi. Wanda ka zaɓa in ya yi abin kirki a fili ka sami maki, in ya karye ku karye tare. Wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki kofi. Na ƙarshe kuwa ya sa kayan saniya, har da hantsa da ƙararrawa, ya raba soyayyen kifi a zauren coci ran Juma'a.

Shekara uku a jere Merle ne saniya. Har an kai wa tela kayan ya buɗa su daidai cikinsa. Bana kuma Royce, shugaban gasa, ya kafa doka: wanda ya yi huɗu a jere ya bar kujera, akwai masu jira.

Ana saura mako biyu zaɓe, Merle na zaune a kujerar Clete mai aski, sai hira ta gangaro inda ta saba gangarowa.

"Ni dai abin da na sani," in ji Clete, "ka fara da masu gudu da ƙwallo. Mai jifa ya jira. Mai bugu da ƙafa sai ƙarshen ƙarshe. Kuma ka duba kada manyan 'yan wasanka su tafi hutu a mako guda."

"Shawarar tumaki ke nan," in ji Merle. "Kowa ya karanta mujalla ɗaya, kowa ya shiga layi. Ni wanda babu shi a mujalla nake nema."

"Ai bara ka samu. Wanda ka ɗauka na farko tun watan Maris ya yi ritaya, yana can yana kiwon zuma."

"Gaggawa ya yi. Da ya neme ni da na hana shi."

"Shekaran bara fa, da ka ɗebi masu bugu da ƙafa har uku?"

"Don in hana ku samu! Wa ya fahimce ni? Babu. Clete, matsalata a garin nan ita ce na riga ku gani. Amma bana da idona zan je in gano, ba da idon 'yan jarida ba. Ran zaɓe in na ambaci suna, Royce sai ya faɗo daga kujera."

"Daina motsi," in ji Clete, "kada kunnenka ya riga shi faɗowa."

Babbar ƙungiyar jihar tana atisaye a filin wata kwaleji bayan gari, an zagaye filin da shinge an lulluɓe shi da tamfol. Washegari Merle ya ɗaura tsani a kan motarsa, ya rataya madubin hangen nesa, ya ɗauki almakashin yankan reshe don a ce ma'aikaci ne. Ya jingina tsanin da wata bishiya a bayan shingen, ya haye, ya leƙa.

Bai jima ba sai ga wani ƙato ya ɓullo daga gefen fili, da rigar ƙungiya a jikinsa, ya danne wani abu a hammata, yana gudu kamar an cinna masa wuta. Ya kauce wa mai gadi, ya banke wani mai ɗauke da tawul, ya tsallake benci da mutum biyu a kai, ya yi wata irin juyawa da ta sa Merle ya ciji leɓe, sannan ya faɗa ƙofar rumfa ya ɓace. Abin da madubin bai nuna wa Merle ba shi ne ƙatuwar dinyar da ta biyo ƙaton tun daga bakin tafki, ta miƙe wuya tana huci.

"Na same shi!" Merle ya yi ihu, ya ɗaga hannu biyu sama.

Wanda ya ɗaga hannu biyu a kan tsani kuwa bai riƙe komai ba. Ya tafi da baya, ya sauka a cikin ƙayar da ke gindin shingen. Dinyar nan da ta rasa ƙato sai ta tashi ta tsallako, ta tarar da Merle a kwance, ta huce haushinta da cizo a cinyarsa.

Da ɗingishi ya zagaya wajen ajiye motoci. Ya sami ƙaton yana zaune a matakalar wata babbar mota mai juye kaya, yana share gumi. A jikin motar an rubuta ƘANƘARA da manyan baƙaƙe. Merle ya gyaɗa kai yana murmushi. Dubi wayon ƙungiyar nan, in ji shi a ransa, har motar ɓad-da-kama suka ba shi.

Ya matso ya rage murya. "Samari, na ga abin da ka yi yanzu."

Ƙaton ya sunkuyar da kai. "Don Allah Yallaɓai kada ka gaya wa kowa."

"Ni? Ko matata ba za ta ji ba. Yaya sunan?"

"Lonnie Haugen."

"Ba na jin sunan a mujalla."

"To me zai kai ni mujalla, Yallaɓai?"

"Haka nake so! Kullum kana filin nan?"

"Tun asuba. Ba sa farawa sai na iso."

Merle ya dafe ƙirji. "Ran Lahadi fa?"

"Ai Lahadi ce babbar ranata. Sai in ɗauka sau talatin, ko fiye."

"Sau talatin! Ka taɓa sakinta ta faɗi?"

"Sau ɗaya, a gaban koci. Duk wanda ke wurin sai da ya jiƙe."

"Da hawaye. Na sani. Kada ka sa a ranka, manya ma suna yi."

Lonnie ya dube shi, ya dubi ƙayar da ke maƙale a gashinsa, ya yanke shawarar kada ya ja zance da mutumin da ya bugu a ka. Da Merle ya gayyace shi cin abincin yamma kuwa bai ƙi ba, don sabon zuwa ne garin, gwangwanin wake kaɗai ke jiransa a ɗaki.

Matsala ɗaya ta rage. An riga an jefa ƙuri'a, kuma Goggo Opal ce ta sami zaɓen farko, Merle na tara. Goggo Opal ƙanwar mahaifin su Royce ce, ta haura tamanin, tana zaɓen 'yan wasa ne bisa ga wanda ya fi kama da marigayi mijinta, kuma kofin yana kan firjinta. Merle ya kasa zama ya kasa tsaye. In wani ya riga shi ambaton Lonnie fa? Ya nufi gidanta da kwalin cuku.

"Goggo, ki ba ni zaɓenki na farko, in ba ki nawa."

"Na tara? Ka ga na yi kama da wadda aka haifa jiya?"

"Da zaɓena na zagaye na biyu."

Ta ci gaba da saƙa.

"Da na uku."

"Kunnena na hagu ba ya ji sosai."

"Da na huɗu! Goggo, so kike ki bar ni tsirara?"

"Jirginka na kamun kifi yana nan?"

"Me za ki yi da jirgi? Ruwan wanka ma sai an riƙe ki!"

"Furanni zan shuka a ciki."

Da yamma maƙwabta suka ga Merle yana jan jirginsa zuwa gidan tsohuwa yana fito, kamar wanda ya ci riba.

Jolene, matarsa, ta soya naman sosej na mutum uku, Lonnie ya cinye na biyu da rabi ya nemi afuwa. Ta ja mijinta kicin.

"Merle, wane ne wannan?"

"Baƙo mai daraja. Nan da wata guda za ki riƙa ba jikokinki labarin ya zauna a kujerar nan."

"Mai ƙanƙara ne. Ga motarsa can ta tare mana ƙofa."

Merle ya kashe mata ido.

"Me ya shiga idonka?"

Ya sake kashewa, da ƙarfi.

"Ina jirginmu?"

"Ƙaro masa dankali," in ji Merle.

Abin da ya tayar masa da hankali ya faru ne kashegari. Ya bi bayan Lonnie don ya tabbatar babu wani mai leƙen asiri, sai ya gan shi a ƙofar gidan mai yana saɓa buhun ƙanƙara biyu a kafaɗa. Merle ya fito daga mota da gudu.

"Ajiye! Ajiye, na ce! So kake bayanka ya tafi ana saura kwanaki? Su waɗanda suka ba ka aikin ɓad-da-kamar nan ba su da hankali ne?"

"Yallaɓai, ai in ban sauke ba ba za a biya ni ba."

"Koma mota ka miƙe ƙafa. Ni zan sauke."

Haka Merle ya rufe shagonsa, ya zama yaron mota. Ya sauke ƙanƙara a gidan mai, ya sauke a mashaya, ya sauke a asibitin dabbobi, ya haura bene da ita a gidan biki. Lonnie na gaban mota a zaune, an naɗe masa gwiwoyi da bargo, an ɗora masa kwanon nama a cinya, an hana shi ko buɗe ƙofa da kansa. Sau ɗaya ya yi atishawa, Merle ya ruga kantin magani ya dawo da leda cike.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce shagon ya karye. Matan coci suka aiko wa Jolene da tukwanen abinci da katin jaje. Clete ya tsaya a ƙofar shagonsa yana kallon Merle na wucewa a duƙe, ruwa na zuba ta bayan wandonsa.

"Masani! Wannan ma dabarar zaɓe ce?"

"Yi dariyarka," in ji Merle yana haki. "Ran Asabar ni zan yi tawa."

Ana gobe zaɓe ya zaunar da Lonnie, ya dafa kafaɗarsa, idonsa har da ƙwalla.

"Gobe da rana, garejin Royce. Kai zan ɗauka, a gaban kowa, kafin kowa."

Fuskar Lonnie ta washe. Dama ya fara zargin haka. Mutumin da ya yi mako yana gwada nauyin buhunanka da kafaɗarsa ai babban ciniki yake shirin yi. "Na gode, Yallaɓai! Nawa kake so?"

"Nawa kuma? Duka! Duk abin da kake da shi, Lonnie, kada ka rage komai. Ka zuba min shi gaba ɗaya!"

"Duka-duka? Yana da yawa fa."

"Ina so su nutse a ciki!"

"In garejin bai ɗauka ba?"

"Gidana gidanka ne," in ji Merle, don bai ji tambayar ba, yana can yana hango kofi a kan firjinsa.

Asabar ta zo da rana mai zafi. An buɗe ƙofar garejin Royce, sosej na ƙamshi a kan garwashi, kowa da gwangwanin giyarsa. Rabin unguwa sun jeru a kan ciyawa, don labarin cinikin jirgi ya zaga. An haɗa kwamfuta da babban talabijin, agogon zaɓe na jikin allo: in lokacinka ya ƙare ba ka zaɓa ba, na'ura ta zaɓa maka.

Merle ya iso da kwat da laktaye. Ya ƙi zama. Ya hau kan akwatin lemo.

"'Yan uwa, kafin in yi abin da zan yi, ga shawara kyauta. Kada ku bi mujalla. Kada ku bi lissafi. Ku bi ido, in kuna da shi."

"Agogo na tafiya," in ji Royce.

"Da zaɓen farko na wannan shekara, ni Merle Dombrowski na ɗauki... Lonnie Haugen!"

Wani kare ya yi hamma.

Royce ya buga sunan da yatsa biyu. "Babu shi."

"Ka rubuta daidai."

"Na rubuta. Akwai wani Haugen mai gyaran haƙori a Minnesota."

"To dama a kwamfuta za ka ga sirri? In da yana ciki ai da kowane ɗan tunkiya ya gani!"

"Merle, wanda ba ya cikin kwamfuta ba ya kawo maki."

"Kwamfutar ce a baya! Ga shi nan ma ya iso, ku gani da idonku!"

Babbar motar ta shigo layin da baya-baya tana ƙara. Ta haye ciyawar Royce, ta taka furannin matarsa, ta daidaita gindinta da ƙofar garejin. Lonnie ya leƙo ta taga ya ɗaga wa Merle babban yatsa. Merle ya ɗaga masa nasa.

"Ai wannan yaron nan ne mai kawo mana ƙanƙara gidan tsofaffi," in ji Goggo Opal. "Sannu Lonnie!"

"Sannu Goggo!"

"Ɓad-da-kama ce!" Merle ya daka tsawa. "Lonnie, nuna musu! Zuba musu!"

Lonnie ya ja ƙarfe. Bayan motar ya ɗaga sama.

Abin ya zo da ruri. Dakakkiyar ƙanƙara ta kwararo cikin garejin, ta kwashe teburin abinci, ta kashe garwashi har hayaƙi ya turnuƙe, ta tafi da Clete da kujerarsa ta jingina su da injin wanki. Royce ya haye kan teburin aiki rungume da kwamfuta. Goggo Opal ta ɗaga ƙafafunta kawai, ta ci gaba da saƙa. Akwatin da Merle ke kai ya zame, ya nutse har ƙugu, laktayensa ya lanƙwasa ta bayan wuya.

Cikin wannan hali agogo ya yi ƙara. Lokaci ya ƙare. Na'ura ta zaɓa wa Merle da kanta, sunan ya fito a allo: gwarzon masu gudu na ƙasar gaba ɗaya, wanda hotonsa ke bangon kowace mujalla, wanda duk mutum taran nan suka kwana suna mafarkinsa.

"Wayyo!" in ji Clete daga bayan injin wanki. "Wawan ya tsira!"

Da Merle ya yi shiru, da kujerarsa ta tsira. Amma kalmar nan ta "wawa" ta shige shi, ga jama'a a kan ciyawa suna riƙe ciki.

"Ban yarda ba! Na'ura ce za ta koya min zaɓe? A soke!"

Royce ya leƙo daga kan teburin aiki. "Ka ce a soke?"

"A soke! Lonnie na ce, Lonnie nake so!"

"Waɗanda suka amince su ɗaga hannu," in ji Royce da sauri. Hannaye tara suka tashi kafin ya rufe baki, har da na Clete da ya ɓullo daga cikin ƙanƙara kamar tsiro. Royce ya ɗauki alli ya rubuta sunan Lonnie a bangon garejin, a ƙarƙashin na Merle.

Merle ya fisgo ƙwallo daga kan kanta. "Yanzu za ku gani. Lonnie, cafe!"

Ya jefa. Lonnie ya runtse ido ya kare fuska da hannu biyu. Ƙwallon ya bugi goshinsa, ya tashi, ya fasa tagar maƙwabci.

"Yallaɓai, ni fa ban taɓa wasan nan ba," in ji shi yana shafa goshi. "Mahaifiyata ta hana ni tun ina yaro, saboda asma."

"Asma? Gudun da na gani fa? Bencin da ka tsallake?"

"Ai dinya ce ta biyo ni. Ka ce ba za ka gaya wa kowa ba."

Wata mata a kan ciyawa ta zauna daɓas don dariya.

"Sau talatin ɗin da kake ɗauka?"

"Kula, Yallaɓai. Ta ƙanƙara." Lonnie ya dubi tsaunin da ya zuba, cike da alfahari. "Kuma wannan sahu na biyu ne. Na farko na san nan ba zai ɗauka ba, sai na kai gidanka kamar yadda ka ce. Na tarar da tagar ɗakin ƙasa a buɗe, sai na zura bututu."

A ɗakin ƙasan nan Jolene ke ajiye keken ɗinkinta, da barguna da ta yi shekara tana harhaɗawa don baje-kolin ƙaramar hukuma.

Mutanen da ke kan ciyawa suka dare gida biyu ba tare da an ce musu ba. Jolene ce ke tahowa ta tsakiyar titi, silifas ɗinta na fitar da ruwa a kowane taku, gashinta a tsaye, da shebur a hannun dama, da akwatin tafiyar Merle a hagu. Ta tsaya a bakin garejin, ta ajiye su gefe da gefe a gabansa.

"Ashe kai ne gwanin zaɓe," ta ce, murya a kwance. "To zaɓa. Royce, kunna masa agogo."

Royce ya kunna.

Merle bai tambayi kowa ba. Ya yunƙura ya fito daga ƙanƙarar, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki, ya rarumi shebur. Jama'a suka tafa. Tafin kuwa ya yi masa daɗi, har ya juyo ya ɗaga sheburin sama, ya gyara laktaye.

"Ku lura fa," in ji shi, "kwasar ƙanƙara ma yawancin mutane ba su iya ba. Sirrin yana wajen tsayuwa. Ka kafa ƙafarka haka..."

Ƙafar ta tafi. Ya sulale a kan bayansa tun daga ƙofar garejin, ya gangara har titi rungume da shebur, ya ci gaba da tafiya, ya nufi gida.

"Bar shi," Jolene ta ce wa Lonnie da ya yunƙura zai tare shi. "Hanyar ke nan."